Ranar da Na Ɗora Dutse a Kan Gonar Doya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ko da zan tsufa har in riƙa kiran jikokina da sunan juna. A ranar ce na tsaya gaban ɗaki cike da mutane, sanye da kwat da laktayi cikin zafin bazara, na ɗauki dutse guda sukutum, irin wanda sai ka riƙe hularka kafin ka kalli samansa, na ɗora shi a kan gonar doyar wani dattijo. Kuma ban san na yi ba sai da mai gonar ya ɗaga hannu.

Bari in fara da aikina, domin ko a gidanmu ba kowa ne ya gane shi ba. (Mahaifiyata har yau tana gaya wa ƙawayenta wai ni ne mai faɗin ranar da za a yi ruwa. Na gaji da gyarawa.) Ina aiki a wata cibiyar binciken ƙasa a nan Abuja, a sashen da ke nazarin girgizar ƙasa. Na san tambayar da ke bakinka: wace girgizar ƙasa kuma a Najeriya? Haka abokaina suka daɗe suna yi min tsiya, har lokacin da ƙasa ta ɗan motsa a wasu unguwannin da ke kan duwatsu, mutane suka fito waje wasu ko takalmi babu. Daga nan aka rage yi mana dariya, aka fara neman lambar wayarmu.

Ba ma iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza, wannan sai Allah. Abin da muke yi shi ne mu gina wuri a cikin kwamfuta: tudunsa da kwarinsa, dutsensa da fadamarsa, da irin ƙasar da ke ƙarƙashi. Sai mu yayyanka shi ƙananan akwatuna masu yawan gaske, mu saki girgizar gwaji daga can ƙasa, mu zuba ido mu ga yadda za ta bi. Domin girgiza ba ta raba wa kowa daidai. Tudu yana ƙara mata ƙarfi: gindinsa ya ɗan motsa, kafaɗarsa da ƙoƙon kansa su yi ta kaɗawa. Ƙasa mai laushi kuma, irin ta bakin rafi, rawa take yi kamar kunu a kwano. A ƙarshe kwamfuta ta fito da taswira mai launi. Ja shi ne inda rawar za ta fi tsanani, ruwan ɗorawa tsaka-tsaki, kore kuwa da sauƙi. Shi ke nan aikin, sauran duk lissafi ne da ciwon kai.

To, akwai wani ƙauye can bayan Kuje. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa sun riga sun yi min dariyar da ta ishe ni. Manoma ne, akwai coci akwai masallaci, akwai wani babban dutse a gefen gari. Sun daɗe suna neman ƙaramin asibiti, aka amince musu, suka yi gayya suka share fili, suka buga bulo da hannunsu. Ana cikin haka sai aka ji wannan ɗan motsin ƙasa, bangon wani aji a firamarensu ya tsage. Daraktan ayyuka na yankin, mutum mai tsoron a ce da shi ya yi sakaci, ya ce ba za a ɗora bulo ko ɗaya ba sai masana sun duba filin. Takardar ta zo ofishinmu.

Shugabar sashenmu Dakta Ladi ce, 'yar Filato, wadda ta fi shekara ashirin tana hawa duwatsun ƙasar nan. Ba ta da yawan magana, kuma kullum akwai takalmin daji a but ɗin motarta. Ta kira ni ta miƙo min takardar. A lokacin ban daɗe da dawowa daga wani kwas na wata shida a ƙasar waje ba, kaina yana ta hayaƙi. (Na dawo da sabuwar jakar goyo da ɗabi'ar cewa "a can ba haka ake yi ba." Allah ya yafe min.)

Ta ce, "Zan yi tafiyar mako biyu. Wannan naka ne. Amma ka je ka ga wurin tukuna kafin ka taɓa kwamfuta."

Na ce, "In sha Allahu, Madam."

Ban je ba. A Jikwoyi nake zaune. Wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san kafin mutum ya shigo gari ma ya riga ya yi rabin aikin yini. Daga nan kuma a ce in kama hanyar Kuje, in sauka daga kwalta in bi hanyar ƙasa da motata da take kuka idan ta ga rami. Na zauna a kujerata mai juyawa, ƙarƙashin sanyin ofis, na gaya wa kaina cewa tauraron ɗan'adam ya riga ya auna tsayin kowane tudu a yankin, idona me zai ƙara? Na sauko da bayanan tsayin ƙasar, na zuba su a cikin manhajar da na rubuta da hannuna, wadda nake ji da ita kamar 'yar fari, na saki girgiza.

Kwana huɗu kwamfutar tana lissafi. Sau biyu aka ɗauke wuta kafin janareta ya kama, na sake daga farko. Da ta gama, abin da ya fito ya yi kyau har na ji ƙwalla. Ga girgizar tana bazuwa kamar an jefa tsakuwa a kududdufi, ta iso dutsen, ta hau shi, dutsen ya yi jawur yana rawa. Sai na ɗauko taswirar ƙauyen, mai nuna hanya da gidaje da filin asibitin, na shimfiɗa ta a kai. Gabana ya faɗi, amma irin faɗuwar gaban da ke da daɗi. Filin asibitin yana zaune daidai kan kafaɗar dutsen, a kudancin gari, cikin ja mafi ja. Arewacin gari kuwa kore shar, shimfiɗaɗɗe kamar filin idi.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya, tunda na ɗauko ta. Na lura da wani abu. A taswirar tawa, rafin garin yana hawa tudu. Na tsaya na kalle shi, ruwa yana tafiya sama ba tare da famfo ba. Ka san abin da na ce wa kaina? Na ce masu zana taswirar ƙauyen ne ba su iya aiki ba. Haka na wuce. Mutum mai digiri biyu ya ga ruwa yana hawa dutse, ya ɗora laifin a kan wani.

Da yamma na koma gida ina tafiya kamar wanda aka naɗa. Na ce wa maiɗakina, "Yau mijinki ya ceci rayukan mutane."

Ta ce, "Madalla. To mai ceto, gas ya ƙare."

Aka sa ranar taro a zauren taron da ke Kuje. Dakta Ladi ta dawo daga tafiya ana gobe taron, saboda haka a bakin zauren muka haɗu. Ta dubi kwat ɗina, ta dubi takalmina mai ƙyalli, ta ce, "Ka ga wurin?"

Na ce, "Na gan shi sosai, Madam."

(Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba a lokacin. Ai na gan shi, a allon kwamfuta.)

Mutanen ƙauyen sun zo a bayan akori-kura biyu, maza da mata, wasu da goyo. A gaba aka ajiye wa Darakta tebur, da takardar da zai sa wa hannu bisa duk abin da rahotona ya ce. Kusa da shi wata ma'aikaciyar jinya ce, Sista Hannatu, wadda aka ce min ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a wani shago mai ɗaki ɗaya, tana jiran wannan asibitin. Na lura da ita ne don tun da na fara haɗa majigi take kallona kamar ni ne likitan da ya fito da sakamakon gwaji.

Na fara da Turanci, irin wanda na dawo da shi. Bayan minti biyar Dakta Ladi ta ce daga kujerarta, "Yi musu da Hausa." Na juya Hausa, amma ban sauke murya ba. Na bayyana akwatuna, na bayyana kunu a kwano, na kunna hoton mai motsi. Girgiza ta taso, dutse ya yi ja, wata mata ta ce "Yesu" a hankali, wani ya yi salati. Na ji daɗin abin har na sake kunnawa sau biyu.

Sannan na yanke hukunci. Na ce filin da suka share yana kan kafaɗar dutse, wuri mafi haɗari a duk yankin, bai kamata a gina ko kejin kaji a wurin ba. Na ce a mayar da asibitin arewacin gari, inda yake kore. Na ga kafaɗun Sista Hannatu sun sauka. Ta san ma'anar hakan: sabon fili, sabuwar takarda, sabon jira, ga damina tana tahowa ta cinye bulon da aka buga. Mutanen baya suka fara gunaguni, ni kuma na ɗauka zafin rasa fili ne. Don in rufe bakin kowa sai na ƙara da wata magana da har yau idan na tuna ta sai in ji kunnena ya yi zafi.

Na ce, "Ku yi haƙuri, jama'a. Kwamfuta ba ta da ɗan'uwa a garinku, ba ta da abokin gaba. Abin da yake a ƙasa shi take faɗa."

Darakta ya cire murfin bironsa.

A nan ne wani dattijo a layin baya ya ɗaga hannu. Siriri ne, da hular da rana ta cinye launinta, hannunsa duk kanta. Daga baya na ji sunansa Baba Tanko. Hausarsa irin ta mutanen yankin ce, ba ruwanta da wane ne namiji wace ce mace, amma ba ta kuskuren inda ta nufa.

Ya ce, "Oga, ina da tambaya kaɗan."

Na ce, "Bismillah, Baba," da murmushin wanda ya shirya yi wa tsoho bayani a hankali.

Bai tambaya daga wurin zamansa ba. Ya taso ya ratso mutane har gaban allon, inuwarsa ta rufe rabin taswirata. Ya sa yatsa a kan wani layi.

"Wannan hanyan Kuje ne?"

"Ita ce, Baba."

"Wannan coci, wannan masallaci?"

"Haka ne."

"Wannan makaranta."

"E."

Ya gyaɗa kai, alamar ya gane garinsa. Sai ya ja yatsan zuwa ƙasa, ya wuce filin asibitin, ya tsaya a tsakiyar jan nan, daidai ƙoƙon kan dutsen.

"Wannan jan abu fa?"

"Saman dutsen ke nan, Baba. Nan ne girgiza za ta fi ƙarfi."

Ya kalli wurin da kyau. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "To, nan gonana ne. Doya nake yi a nan tun ba a haife ka ba. Jiya ma ina wurin har yamma. Ban ga dutse ba."

Wani ya yi tari a baya, irin tarin da ake ɓoye dariya a ciki. Baba Tanko ya ɗaga yatsan zuwa sama, ya ajiye shi a kan koren nan nawa mai kyau, inda na ce a kai asibiti.

"Dutse kuma a nan yake. Wurin nan da ka ce a kai masu haihuwa, akuya ma sai ya yi tunani kafin ya hau."

Da ina da hankali, a nan zan tsaya. Amma kwat ɗin nan da wata shidan nan ba su bar ni ba. Na ce, "Baba, wani lokaci kallon taswira yana rikita mutum idan bai saba ba. Sama a nan arewa ke nan, ba wai sama ba."

Ya ce, "Na sani. Arewa ne wajen dutse."

Sai ɗakin ya ɓarke. Ba ihu aka yi ba, kowa ne kawai ya fara magana a lokaci guda. Wani ya ce gidansa yana gindin dutsen, kuma a arewa ya baro shi da safe. Wata mata mai goyo ta ce idan dai dutsen ya koma gonar Baba Tanko su sun huta, a gaya musu yaushe ya tashi. Limamin garin da faston garin, waɗanda suke zaune kusa da juna, na ga sun sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa.

Dakta Ladi ta taso ba gaggawa, ta zo ta tsaya kusa da ni. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Cire launin. Nuna min tsayin ƙasar kaɗai. Yanzu buɗe hoton sama na wurin, ka ajiye su gefe da gefe."

Na yi yadda ta ce. Kuma da yake ban cire wayar majigin ba, duk ɗakin ya gani tare da mu. A hoton gaskiya, ga dutse a sama, ga rafi da gonaki a ƙasa. A nawa, ga dutse a ƙasa, ga fili a sama. Surar iri ɗaya ce sak, har da wata 'yar tsaga a gefen dutsen, amma a kife.

Nan take na gane abin da ya faru, kuma ganewar ba ta rage komai ba. Fayil ɗin tsayin ƙasa yana jera layukansa ne daga arewa zuwa kudu. Manhajata, 'yar farin nan tawa, tana karanta su daga kudu zuwa arewa. Layi ɗaya ne ya kamata in rubuta don in daidaita su, ban rubuta ba. Na juya ƙasar mutane kamar mai tuyar waina, sannan na shimfiɗa taswirar gidajensu a kai yadda take daidai. Kwana huɗu kwamfuta ta yi tana lissafi mai kyau, mara kuskure, a kan garin da babu shi a duniya.

Ban san ko ka taɓa jin gumi yana gangarowa ta cikin safa ba. Ni na ji. Na rasa inda zan sa idona, na kai shi kan allo, sai na ga garin gyare-gyare na taɓa wani abu, hoton mai motsi ya dawo yana maimaita kansa: ga dutsen ja yana ta tiƙar rawa a kan doyar Baba Tanko. A cikin wannan hali na ji wani ɗan sauti, ƙas. Darakta ne ya mayar da murfin bironsa.

Dakta Ladi ta karɓi makirufo. Ta ce, "Wannan kuskuren ofishinmu ne, kuma ni ce shugaba. Muna roƙon Darakta kada ya sa hannu a komai yau. Ku ba mu mako biyu."

Wannan ya fi dariyar ciwo. Da ta zage ni a gaban mutane da na fi samun sauƙi. Na miƙa hannu na karɓi makirufon daga wurinta, na ce, da Hausar gidanmu wannan karon, "Ba kuskuren ofis ba ne, nawa ne. An ce in je in ga garinku, ban je ba. Baba ya fi ni gaskiya. Ku yafe ni."

Baba Tanko ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Amma ka ɗauke min dutsen kafin ruwa ya sauka. Ina da kunya da yawa da zan tayar a wurin."

(Shi kunyar doya yake nufi. Tawa kunyar kuwa ta riga ta tashi, ta isa shuka.)

Na ɗauka daga nan ofis za mu koma a yi min wankin babban bargo. Da muka fito Dakta Ladi ta ce in bar motata a nan, in shiga tata. Ta tayar da mota ta bi bayan akori-kurar mutanen. Muka sauka daga kwalta, muka yi ta gwara kai da rufin mota, mutanen da ke bayan akori-kurar suna ɗago min hannu suna murmushi. Tun daga nesa na hango shi. Ga shi nan zaune a arewacin gari, baƙi, ƙato, inda Allah ya ajiye shi.

Ta buɗe but ta sa takalmin dajinta. Ni kuwa da takalmin taro na hau. Baba Tanko ne a gaba, mutumin da ya haura saba'in, hannunsa a baya kamar mai zagaya tsakar gida. Ni ina baya ina rarrafe, kwat a kafaɗa, ina addu'ar kada wandon ya yage. Da muka kai wani ɗan dandali a tsakiyar hawan sai Dakta Ladi ta tsaya, ta nuna min ƙasa.

"Ga koren naka can."

Na leƙa. A gindin dutsen akwai wani ɗan fili, shi kaɗai ne wurin da za a iya gini a duk arewacin garin, wato nan ne za a kai asibitin da an bi maganata. Daidai samansa, kusa da inda muke tsaye, wasu manyan duwatsu uku ne a ɗore kan juna, kowanne ya kai girman ɗaki, na saman yana zaune a kan wani ɗan gefe da bai fi faɗin tabarma ba. Baba Tanko ya ce ranar da ƙasa ta motsa, wani ƙaramin dutse, ƙaninsu, ya gangara ya kashe bishiyar ɗorawa.

Na zauna a kan dutsen. Na yi ta kallon filin nan ina hango gadaje, da Sista Hannatu, da mace mai naƙuda, da sunana a ƙasan rahoton da ya kai su wurin. Wataƙila da an zo aunawa wani zai ga duwatsun ya ƙi. Wataƙila kuma a ce ai masana sun riga sun duba, wa zai ja da kwamfuta? Ban taɓa jin daɗin an kunyata ni ba sai a wannan lokacin. Iskar da na shaƙa a kan dutsen nan, har yau ina jin sanyinta.

Dakta Ladi ta zauna kusa da ni tana kaɗe ƙurar wandonta. Na jira faɗa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ni a shekarata ta biyu na rikita mita da ƙafa a wajen awo. Amma ni a ofis aka kama ni, ba a gaban gari ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Rafin bai ba ka mamaki ba?"

Na ce, "Ya ba ni, Madam."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ce duk hukuncin da aka yi min, kuma ta ishe ni.

Kwana biyar na yi ina zuwa ƙauyen, da takalmin da ya dace. Muka kafa na'urorin auna motsin ƙasa a filin asibitin da gindin dutsen da bakin rafi. Muka duba ramin da aka haƙa na rijiya don mu ga jerin ƙasar da idonmu. Na rubuta layin nan ɗaya, na tabbatar ruwa yana gangarawa ƙasa kamar yadda ya saba tun farkon duniya, na sake sakin girgiza. Da sakamakon ya fito, sai da na fita waje na zagaya ginin ofis sau ɗaya kafin in iya kiran kowa. Filin da mutanen suka zaɓa da kansu yana kan jar ƙasa mai tauri, nesa da dutsen, kore ne mai ɗan ratsin ruwan ɗorawa a gefe ɗaya. Ba abin da yake buƙata sai tushe mai kyau da ƙarfen ɗauri. Ajin da ya tsage kuwa, an gina shi ne a kan cikon ƙasa. Inda ja ya sauka da gaske shi ne gindin dutsen, inda akwai wasu gidaje huɗu, kuma aka zauna da masu su aka yi magana ta hankali.

Taro na biyu a ƙauyen aka yi, ƙarƙashin mangwaro, aka rataya farin zani a bango. Kafin in nuna launi ko ɗaya sai da na haska taswirar tsirara, na ce Baba Tanko ya zo ya duba. Ya zo ya bi ta da yatsa, hanya, coci, masallaci, makaranta, rafi. Ya daɗe a kan gonarsa. Sannan ya juya ya ce wa jama'a, "Ya mayar." Aka yi tafi. Darakta ya ɗora takardar a kan cinyarsa ya sa mata hannu, don babu tebur. Da za mu tafi Sista Hannatu ta aiko min da ruwan sanyi a kofin da aka ajiye don manyan baƙi.

An gina asibitin. Ranar buɗewa an gayyace ni, kuma mai gabatarwa ya kira ni da sunan da duk garin suka san ni da shi, wato Oga Mai Ɗaga Dutse. Na tashi na ɗaga hannu, me zan yi? Da aka watse Baba Tanko ya sa aka kai min doya biyar mota, manya-manya. Ya ce, "Daga saman dutsenka na haƙo su. Ƙasan wurin yana da kyau."

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ba a koyar da shi a kwas. Mutum yana iya kifar da gari guda, ya shafa masa launi mai kyau, manya su gyaɗa kai, biro ya fito. Saboda haka idan Allah ya ƙaddara za ka yi shirme a bainar jama'a, kada ka roƙi a rufa maka asiri. Ka roƙi Allah ya sa mai gonar yana cikin ɗakin, kuma ya sa ba irin dattijon nan ba ne mai yi wa baƙo kara.